Ajin Bayan Masallaci

Ruwan alwalar unguwarmu
ya shekara ashirin yana bin lungu,
yana tara sauro a ƙofar Sallau mai faci,
muna tsallake shi muna tsaki.
Wata Asabar Malam Ilu ya tsaya a kansa,
ya ce, "Kogi gare ku, kuna kukan fari."
Na yi dariya har hulata ta karkace.

Ba shi da allo, ba shi da alli.
Ajinsa kangon fili ne bayan masallaci,
can gefen Daura, ta hanyar Zango,
inda leda ta fi ciyawa yawa.
Mu tara ne ranar farko:
teloli biyu, ni da babur ɗina,
Dela mai ƙosai, sauran 'yan kallo.

Ya hana kowa taɓa fartanya.
"Ku zauna tukuna.
Ku ga inda inuwa take yini,
ta ina iska take shigowa,
ina tururuwa take kai kayanta."
Kwana uku muna duban ƙasa
kamar waɗanda allurarsu ta faɗi.

Sannan muka ja wa ruwan nan hanya,
tsakuwa a ƙasa, gawayi a sama,
muka raka shi har gindin ayaba.
Dela ta kawo tokar murhunta,
teloli suka sharo ɓawon gyaɗa,
ni na yi dakon kashin shanu a buhu,
fasinja na toshe hanci yana zagina.
Malam ya cusa hannu cikin tulin,
ya ce, "Ji ɗumi. Tukunyar ƙasa ce take tafasa."

Daren Laraba awakin Mati suka shigo.
Zogale sittin, ko ɗaya bai kwana ba.
Mutum huɗu suka tafi, ba su dawo ba,
ni ma na ɗauko sanda.
Malam ya karɓe ta, ya auna shinge da ita,
ya aika a kira Mati,
ba don shari'a ba, don ciniki:
harawa taka, taki namu.
Muka kewaye filin da aguwa,
Mati da kansa ya ɗaure ƙofar.

Da aka zo maganar iri
na tuna wani gora a ɗakin tsohuwata,
bakinsa liƙe da laka.
Wake ne cikin toka, irin kakarta,
ƙanana, jajaye, ba su da suna a kasuwa.
Ta dube ni ta dubi goran.
"Sai yau ka tambaya?"
Ta ƙirga mini tafi uku,
ta ce bashi ne, da kaka a dawo da shida.

Mun haƙa ramuka kamar rabin wata,
bakinsu yana duban tudu.
Ranar da hadari ya sauko daga gabas
na tsaya a jiƙe ina jira ya wuce kamar kullum,
ya kwashi ƙasarmu ya kai kwari.
Bai wuce ba.
Zama ya yi,
kamar baƙon da aka yi wa shimfiɗa.

Yanzu gwiwa ta zaunar da Malam.
Dela ce take jan mutanen Sandamu zuwa gindin gawo,
tana hana su taɓa fartanya.
Ban yi arziki ba,
har gobe ina neman fasinja a tasha,
amma bana ban ci bashin taki ba,
kuɓewar miyarmu ba ta san kasuwa ba,
na mayar wa tsohuwa tafi shida
ta ce na ƙarshen bai cika ba.

Jiya na hango 'yata Kande
ta gama wanke-wanke,
ta ɗauki ruwan da hannu biyu,
ta wuce kwata,
ta kai wa gwanda.
Ba wanda ya aike ta.